Gugan Na'Allah

Shekarar da manyan motoci suka kama zirga-zirga a hanyar da Nasara suka sa aka fasa daga Sakkwato zuwa Jega, mutanen Boɗinga da yawa sun yi murna, amma ban da Na'Allah mai jakuna. Tun yana ɗan saurayi yake bin ayari, a tafi da gishiri da kanwa, a komo da goro da tufafi, har ya ba arba'in baya bai san wata sana'a ba. Kayan da jakunansa ke kwana da kwanaki suna rarrafe da shi, sai ga mota ta lamushe shi da hantsi ta sauke kafin rana ta faɗi. Masu kaya ba su yi faɗa da shi ba. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, kayan ne dai suka daina ba shi. Haka ya yi ta rabuwa da jakunan ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai wata tsohuwar jaka, wadda ya ce ita kam sai dai mutuwa ta raba su.

Abokan tafiyarsa ba su tsaya jimami ba. Ɗantani, wani mutumin Shagari da suka sha rana tare a hanya, shi ya tara su ya ce da zarar an yi girbi sai a gangara Kurmi cin rani, mai dako ya yi dako, mai aikin gonar koko ya yi, a komo da faɗuwar ruwa. Da Na'Allah ma ya bi, don tafiya ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Wani ɗan abu ne ya tsaya masa a rai. Komowarsa ta ƙarshe daga Jega, ya yi sallama ya shiga gidansa, sai ƙaramar 'yarsa Shatu ta dube shi ta sheƙa bayan uwarta tana kuka, wai ga baƙo ya shigo. Matan maƙwabta suka yi ta dariya, shi ma ya taya su. Amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har tuwon ranar bai wuce masa da daɗi ba. Ya ƙudura a ransa shi da kwanan zango har abada, in dai akwai sana'ar da zai ciyar da gida yana zaune a cikinsa.

To, a nan gizo ke saƙar. 'Yar gonar geron da ya gada ba ta kai su rabin shekara, ga yara suna tasowa, baki na ƙaruwa. Matarsa Atika ce ta kawo shawara wata safiya tana tankaɗe.

"Mallam, ga Kawu Ladan can ƙarhinai ya hwara ƙarewa, lambu ya yi mai yawa. Mi za ya hana ka tahi ka gaishe shi?"

"Ni da ban taɓa dasa ko barkono ba?"

"Jakkan ma ba da saninsu anka haihe ka ba."

Kawu Ladan ƙanen mahaifiyar Atika ne, shi ya rene ta, shi ya aurar da ita, saboda haka a wurin Na'Allah suruki ne sosai. Da Na'Allah ya je, tun daga nesa ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya yi ta jero gaisuwa idonsa na ƙasa, sai da ƙyar ya kai ga abin da ya kawo shi. Tsohon ma bai dube shi ba, kara yake ferewa.

"Albasa ba ayari ta ba," in ji shi. "Amma wuri akwai shi, can gabas ga rijiya. Na ara maka rani guda. In ta yi, naka na. In ba ta yi ba, ka san akwai masu jira."

Da haka madugu ya zama ɗan lambu. Da aka yi girbi su Ɗantani suka ɗaure kayansu suka gangara, shi kuwa ya gangara fadama. Kawu ya nuna masa yadda ake yayyafa iri, yadda ake tayar da fangali a daidaita shi, yadda ake tsige dashe ba a tsinke saiwa ba. Sai kuma jigo, doguwar sanda a bisa gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga na reto a kanta. Ka ja ka tsoma, nauyin laka ya ɗago maka, ka juye a magudana ruwa ya bi fangali-fangali. Satin farko bayansa ya ƙi miƙewa. Sauran 'yan lambu kuwa sun sami abin nishaɗi, kullum da safe sai ka ji wani ya ɗaga murya daga nesa yana tambayar madugu yau a ina za a yi zango. Bai ji haushi ba. Da azahar zai koma gida ya sha fura a inuwarsa, yara na hawa kansa suna sauka, wannan kaɗai ya ishe shi.

Akwai wani hali da Na'Allah ya taho da shi daga hanya. A ayari doka ce, dabba ke fara shan ruwa kafin mai ita. Sau ɗaya tak ya taɓa kai baki ga salka jakuna na tsaye da ƙishirwa, yana yaro, ubansa ya yi masa dukan da har ya girma bai manta ba. Tun daga ranar ba ya iya ganin abu mai rai yana neman ruwa ya wuce. Da farko wannan halin ya yi masa rana, don albasa ƙarama ba ta ƙin ruwa. Kafin kowa ya iso shi ya iso, bayan kowa ya tashi shi yana nan yana jan jigo. Lambunsa ya yi kore shar, har masu tsokanar suka rage murya. Fangali ɗaya ne kawai ya ƙi masa, na can ƙarshe, inda ƙasa ta ɗan yi tudu ruwa ba ya kaiwa sosai. Duk ranar da ya dube shi sai ya ji kamar ya ci amana.

Sanyi ya wuce, bazara ta kawo kai. Albasa ta ƙosa har tana tsaga ƙasa. Wata rana Kawu Ladan ya biyo ta lambun, ya sunkuya ya matsa wuyan guda ɗaya da babban yatsa, ya miƙe yana kallon wani wuri daban.

"Ta isa. A ɗauke mata ruwa hakanan, a bar ta ta bushe cikin ƙasa."

"To, Kawu."

Maƙwabta duk suka kwance gugunansu. Kafin a jima fadamar ta canza kama, ganye ya yi rawaya ya kwanta, masu shi kuwa suna ƙarƙashin giginya suna hira ko a jikinsu. Na'Allah ya daure, gaskiya ya daure na ɗan lokaci. Amma ran da ya iso ya tarar ganyen nasa ya langaɓe kamar kunnuwan jakin da ya wuni bai sha ba, sai zuciyarsa ta karye. Ya tsaya yana raya wa kansa cewa mutanen nan gajiya kawai suka yi da jan jigo, suka raɗa wa lalaci suna dabara. Ina aka taɓa jin abu ya wahala wata da watanni, sai ya zo gab da isa a hana shi ruwa? Ya ce bari ya ba ta ɗan kurɓi, ba mai yawa ba. Gobe ma ya ba ta ɗan kurɓi. Sabo turken wawa, kafin ka ce kwabo ya koma ban ruwansa sosai, sai dai yanzu da an sallame asuba yake yi, kafin mutane su fito.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kawu Ladan ya ga ƙasa a jiƙe, ya ga ganye ya sake miƙewa. Da ɗan cikinsa ne, da a nan take ya wanke shi tas. To amma mijin 'ya ne, kuma magidanci mai furfura, yaya za a yi ya tsaya gaban mutane yana yi masa faɗa? Sai ya bi hanyar da surukai ke bi, ya aika aka kira masa Atika. Da yamma ta kawo wa mijinta tuwo ta zauna nesa kaɗan.

"Mallam, Kawu ya ce in hwaɗa maka, ruwan nan ya isa. Ya ce albasad da tash sha ruwa ga ƙarshe ba ta aje."

"Na jiya."

"Ka jiya, ko za ka bari?"

Ya ajiye loma. "Ke Atika, tun da nit tashi ban taɓa barin abin da ad da rai shi kwana da ƙishirwa ba. Ba yau za ni hwarawa ba. Ki tahi ki ga lambun da idonki, duk hwadamag ga babu irinai."

"Albasa dai ba jaka ta ba," in ji ta, ta kwashe kwano ta shiga ɗaki.

Ranar cira kam Na'Allah ya sha kallo. Albasa ce manya-manya, jajaye, kowace ta cika hannu, mutane suka yi ta zuwa suna ɗagawa suna jinjinawa. Wanda ya fi kowa tsokanarsa ma sai da ya ce lalle madugu ya iso zango. Kawu Ladan ya zo daga baya, ya ɗauki guda ya auna ta a tafin hannu, ya ajiye ta a hankali, ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi. Na'Allah ya ɗauka yabo ne.

A lokacin cira albasa ba ta da daraja, kowa na da ita. Mai haƙuri shi ke adana tasa har ruwa ya sauka ta yi wuya a kasuwa. Saboda haka ya kafa rudu a bayan gida, gadon kara a bisa sanduna da rufin ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, ya jibge albasar a ciki. Ƙananan nan na fangalin ƙarshe kuwa kunyar haɗa su da sauran ya ji, ya zuba su a wani tsohon kwando ya tura ƙarƙashin rumbu. Atika ta tattara ganyen, wanda ya yi yawa ƙwarai saboda ruwan da ya sha, ta daka ta cuccura ta shanya, ta yi gabu na miya. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ba a yi nisa cikin bazara ba wari ya fara. Da farko ya ce ko ɓera ne ya mutu a wani lungu. Ya duba ko'ina, ban da inda zuciyarsa ke gaya masa. Ran da ya ga ƙudaje sun yi baƙi a jikin rudun, sai ya ɗaga ciyawar ya cusa hannu. Na sama suna nan da kyansu. Da hannun ya nutsa, sai ya ji ya shige cikin wani abu mai ɗumi, mai yauƙi. Ya zaro shi yana ɗiga. Ya daɗe a tsaye a wurin. Ba asarar ce ta fi ƙona masa rai ba, sai sanin da ya yi cewa da hannunsa ya yi ta, guga bayan guga, yana ganin alheri yake yi.

Suka baje ta a tsakar gida shi da Atika suna tsince mai rai, amma duk wadda ka matsa wuyanta sai ruwa ya fito. Wadda aka ware yau, gobe ta bi 'yan'uwanta. Ƙarshe dai ya ɗaura wa tsohuwar jakarsa mangala, ya yi ta jigilar ruɓaɓɓiyar albasa zuwa bayan gari. Mutane suka riƙa kawar da kai in ya wuce, abin da ya fi masa tsokana zafi. Atika kuwa ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Daminar nan sun ji jiki. Gabun da Atika ke sayarwa ne ya riƙa sama musu gishiri da daddawa, tuwo kuwa sau ɗaya a wuni har gero ya nuna. Da aka fara girbi sai ga Ɗantani a ƙofar gida, ya yi ƙiba, da sabuwar riga. Ya ji labari tun a Shagari, kuma ba dariya ta kawo shi ba.

"Na aje maka wuri cikinmu," in ji shi. "Kowa da abin da Allah yay yi shi don shi. Mu mutanen hanya muke, Na'Allah. Ka bar ma masu ƙasa ƙasassu."

Na'Allah ya ga gaskiya ce. Rani guda aka ara masa, ya kuwa ɓata shi. Ya shiga gida ya ce wa Atika ta fara yi masa guzuri. Tana tsefe wa Shatu kai, ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"Mallam, shekara nawa ina cin tuwo da miya mai nama ni ɗai da ɗiya? Na ƙoshi da shi. Banan ga mun sha wuya, amma kana gida, kuma ni ban ga wuyad da tak kai ta da ba. In kunyak Kawu kaka ji, kunya ba ta kashe mutum. Ka tahi ka hwaɗa mai da bakinka. In ya amshe wurinai, ni da kaina ni daka maka guzuri."

Ba a zuwa wurin suruki hannu sake, gidan kuwa babu abin ɗauka. Sai ya tuna da kwandon nan na ƙarƙashin rumbu. Ya jawo shi yana tsammanin wari, sai ya ji ɓawo na ƙaras-ƙaras. Suna nan yadda ya zuba su, ƙanana, masu tauri, ko ɗaya ba ta taɓu ba. Ya ɗauka ya tafi, ya durƙusa inda ya durƙusa bara.

"Kawu, ka hwaɗa mani, ka aiko an hwaɗa mani, nik ƙi ji. Ga abin da yat tsira. Na zaka in maido maka wurinka."

Tsohon ya jawo kwandon, ya ɗauki guda ya yanke kanta da wuƙa, ya duba cikin.

"Wagga daga ina?"

"Hwangalin ƙarshe. Wanda ruwa bai kai ma ba."

"Tau, ka ga mallaminka." Sannan a karo na farko tun da aka ɗaura auren Atika ya dubi Na'Allah ido cikin ido. "Ni koma da laihina. Na ga ƙasa jiƙe, nib bari kunya ta ci muna albasa. Waɗanga iri na, ba na miya ba. Ka binne su gehe guda su yi hure, ka samu irin baɗi. Dashen bana ni ba ka. Amma wannan karon in na gani, gaban kowa za ni yi magana."

Su Ɗantani suka tafi ba shi. Ya koma kan jigonsa, ya yi aiki kamar bara ko fiye. Da bazara ta kewayo, Kawu ya biyo ya matsa wuyan albasa ya ce ta isa. Na'Allah bai ce to ba. Ya je ya kwance gugan daga jigo, da igiyarsa da komai, ya saɓa a kafaɗa ya nufi gida mutane na kallo. Ya tarar da Atika a madafa ya ajiye mata shi a gaba.

"Ki ɓoye shi inda ban sani ba. Ko na roƙe ki, kak ki ba ni."

Ta dube shi, ta dubi gugan, ta ɗauka ta shiga ɗaki.

Ya san kansa kuwa. Kwanakin farko ya riƙa zuwa lambu yana zagayawa hannu a baya. Ganye ya yi rawaya, ya kwanta, ƙasa ta tsattsage. 'Yan lambu suka yi ta kiransa inuwar giginya, ya je ya zauna, amma rabin hankalinsa na can. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina shiga. Wata rana da zafi ya kai inda ya kai, sai ga shi ya shigo gida da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana murza hula.

"Atika, sun kwanta duka. Ba ban ruwa za ni yi ba. Yayyahi ɗai, ga na bakin hanya."

"Na mance inda nis sa shi."

"Ke, gugana na hwa."

"Naka na. Kai kab ba ni."

Ya ɗaga murya, abin da bai saba ba, ya ce zai shiga ya birkice ɗakin. Ta matsa gefe ta ba shi hanya, ta ce bisimilla, amma in ya fito da shi ya biya ta Shagari ya bar wa Ɗantani saƙo ya ajiye masa wuri. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Can sai ya janye ta, ya koma ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hannu biyu. Ita ma tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, amma ba ta ba shi ba. Ta dama fura ta miƙa masa, ya sha.

Albasar shekarar ba wanda ya zo kallonta. Matsakaita ce, busasshiya, ba ta da wani kwarjini. Ta shiga rudu ta yi zamanta, bazara ta wuce, ruwa ya sauka, har gero ya yi bununi tana nan garau, sannan ya riƙa fitar da ita kaɗan-kaɗan zuwa kasuwa. Kawu Ladan bai ce komai ba game da wurin, bai kuma ƙara ambatar masu jira ba.

Da kaka masu tafiya suka tafi. Atika, wadda ta yi daminar da ciki, ta sauka bayan sanyi ya shigo, wata safiya yana tsakiyar dashe. Aka aiko ya taho da laka har gwiwa. Ya wanke hannu, ungozoma ta miƙo masa yaron a cikin zane, ya kai bakinsa kunnen dama ya fara kiran salla a hankali. Bai kai rabi ba sai da ya tsaya ya sake farawa. Duk 'ya'yansa, wasu ne suka yi musu wannan yana can wani zango, sai dai ya dawo a gaya masa sunan da aka sa. Wannan ne na farko da ya fara jin muryar ubansa.